Ɗana ba ya taɓa littafi, 'yata kuma ba ta ajiye waya: ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Ɗana shekararsa 15, yana aji 1 na babbar sakandare, ba ya taɓa littafi sai jarrabawa ta ƙarato, rubutunsa kuwa ko ni ba na iya karantawa. Ƙanwarsa mai shekara 13 kullum cikin karatu take, amma littattafan soyayya ne a wayata. Na yi faɗa, na yi duka, na ɗauko malamin lesin. Me kuma ya rage in yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Na shafe sama da shekara 20 ina koyar da Turanci da Hausa a sakandare a garin nan, kuma da wuya zango ya ƙare ban ji irin wannan kuka daga bakin uwa ko uba ba. Yaranki biyu ciwonsu ba ɗaya ba ne, don haka maganinsu ma ba zai zama ɗaya ba. Bari in fara da namijin, don nasa ya fi gaggawa.

Kafin ki yanke hukuncin cewa ba ya son karatu, ki bincika ko yana iyawa. Saurayi ɗan shekara 15 gara a kira shi malalaci sau ɗari da a gano sau ɗaya cewa bai iya karatu ba. Na taɓa samun wani yaro a aji 2 na babbar sakandare, mai kaifin baki, in ana muhawara shi ne kan gaba. Amma duk ranar da muke karatu bi da bi, layi na kusa zuwa kansa sai ya ɗaga hannu: "Malam, zan zaga." Sai da na yi wata biyu kafin na lura. Ran nan na tsare shi bayan an tashi, ajin babu kowa sai mu biyu, na miƙa masa sakin layi ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, gumi ya keto masa a goshi, yana tsinka kalmomi gaɓa-gaɓa kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Da ya kai ƙarshe na ce, to me aka ce? Ya yi shiru. Duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali, babu abin da ya rage na fahimta. Yaron nan shekara 10 yana zuwa makaranta, ana ta ciyar da shi gaba.

Irinsa ba kaɗan ba ne. Ki tuna a shekarar 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji 4, aka bayyana cewa 21,780 ba su ci ba. An yi ta ja-in-ja a kan yadda aka gudanar da ita, ba shi ne abin da ya dame mu yau ba. Abin lura shi ne da yawa daga cikin samari da 'yan matan da ke sakandare yanzu, a waɗannan shekarun ko jim kaɗan bayansu suka ɗora harsashin karatunsu, wasu a ajin da yara suka fi ƙarfin malami. Wanda ya fito daga can da rauni, ba lallai laifinsa ba ne.

Gwajin ba shi da wuya. Ki zaɓi lokacin da ƙannensa ba sa nan, kada kuma ki ce masa gwaji ne. Ki ce idonki na damunki, ya karanta miki shafi ɗaya daga littafin ajinsa. Ki saurari abu uku. Na farko sauri: a abin da na saba gani, ɗan sakandaren da bai iya karanta kalma 100 cikin minti ɗaya a littafin ajinsa ba yana shan wuya. Na biyu, kalmomin da suka gagare shi: in a shafi ɗaya sun kai 5, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Masu nazarin koyon harshe sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san kalma 95 zuwa 98 cikin kowace 100 kafin ya karanta rubutu cikin natsuwa ba tare da taimako ba. Na uku, ki rufe littafin ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta da Hausa. Ko Turancinki ba shi da ƙarfi, za ki gane wanda ya fahimta da wanda yake kame-kame. Daga nan ki sake gwajin da rubutun Hausa, ko shafin jaridar Aminiya ne. Idan ya zuba Hausa tiryan-tiryan amma Turanci ya cije, to ya iya karatu, kalmomin Turanci ne bai tara ba, wannan kuwa mai sauƙi ne. Idan duka biyun sun cije, sai an koma tushe.

Ki kuma lura ko yana matse ido, ko yana kai littafi dab da fuska, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan karatu. Mu a Kaduna muna da sa'a, Cibiyar Ido ta Ƙasa a garinmu take. Na ga yaran da aka yi shekaru ana kiran su daƙiƙai, ashe tabarau kawai suke buƙata. Akwai kuma wata lalura da ake kira disleksiya, inda yaro mai cikakken hankali yake fama da haɗa sauti da harafi, yana tsallake kalmomi, rubutunsa cike da kurakuran da ba sa jin gyara. Bulala ba ta taɓa warkar da ita ba, sai koyarwa a hankali daga malamin da ya san kanta.

Maganar bulala ta zo, bari in faɗa miki gaskiya: ki ajiye ta. Ana iya tilasta wa yaro ya zauna gaban littafi, ba a iya tilasta wa ƙwaƙwalwarsa ta shiga ciki. Kuma duk ranar da aka ce "tunda ka yi laifi je ka ɗauki littafinka," an koya masa cewa karatu horo ne, ɗan'uwan tsallen kwaɗo. Malamin lesin ma, yawancinsu darasin makaranta suke maimaitawa, su taya yaro jinga su tafi. In za ki ci gaba da biyansa, ki ce masa a fili rabin sa'ar farko ta karatu a bayyane ce da shifta, ba ta jinga ba.

To da me za a fara? Da Hausa, ko da kuwa burinki Turanci ne. Na san iyaye da yawa a Kaduna ba sa son jin wannan, musamman masu biyan kuɗin makarantar da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya saba bin layi da ido, ya san inda ake tsayawa a aya da inda ake numfasawa a waƙafi, ya iya riƙe zaren labari daga shafi zuwa shafi, da kayansa yake ƙaura zuwa Turanci. Rubutun Hausa kuma yana da adalci, kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya yake da murya uku ko huɗu. Yaron da na ba ki labarinsa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam na ba shi. Dalilina, labaran gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda, akwai dariya a ciki, kuma babu wanda zai gan shi da shi ya ce littafin 'yan firamare ne. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurin saurayi. Tun 1937 littafin yake yawo a hannun mutane, kuma nan kusa da mu, a Zariya, aka yi aikinsa, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya kamata yaro ya san cewa karatun Hausa gadon gidansu ne, ba abin kunya ba.

Daga nan sai ki bi son ransa. In ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, to rahoton wasan jiya shi ne littafinsa, ya karanta na Hausa a shafin BBC Hausa, sannan ya nemi na Turanci a kan wasan guda. Tunda ya riga ya san wa ya ci, wa aka kora, rabin kalmomin zai cinka da kansa. In gyaran waya ne ko injin babur, takardar bayanin da ke zuwa cikin kwali ma karatu ce. Mu malamai mun daɗe muna ɓata wa yara karatu da cewa sai littafin adabi mai kauri ne karatu.

Abin da na ga ya fi komai aiki kuwa shi ne a mayar da karatu da rubutu aikin gida na gaske, wanda in bai yi ba wani abu zai tsaya. Akwai wani uba mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya zo min da kukan ɗansa. Na ce Alhaji, wa ke rubuta maka littafin bashi? Ya ce shi da kansa. Na ce daga Asabar ɗin nan ka miƙa wa yaron. Makon farko yaro ya rubuta sunan wata mata da adadin turamen da ta ɗauka, aka zo biya shi kansa ya kasa karanta abin da ya rubuta, ko 4 ne ko 9. Uban bai ce masa uffan ba, ya bar shi ya tsaya gaban matar yana zare ido. Tun daga ranar lambobinsa suka miƙe tsaye. Abin da jan biro bai yi ba cikin shekara uku, kunyar minti biyar ta yi. A gidanki ma akwai irin wannan: jerin cefane, saƙon banki, takardar da ke cikin kwalin magani, katin gayyatar suna, wasiƙar neman uzuri zuwa makaranta, saƙon gaisuwar rasuwa ga dangi. Ki daina yi da kanki. Uwar da ba ta yi boko ba ma a nan ta fi kowa dama, don buƙatarta ta gaske ce, yaro kuma yana jin girma in ya zama idon mahaifiyarsa.

In kina son rubutu mai ɗan tsawo, ki tura shi wurin tsofaffi. Kaduna gari ne na zuwa, da wuya ki sami gidan da ba shi da labarin yadda aka zo. Tun da Turawa suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, wasu aikin jirgin ƙasa ya kawo su, wasu soja, wasu masaƙun Kakuri da suka fara da Kaduna Textiles a 1957, wasu kamfanin Peugeot a 1975, wasu matatar mai a 1980. Ya zauna da kakansa ya tambaye shi: daga wane gari, a wace mota, ina aka fara sauka, nawa ne albashin farko? Ya ɗauki muryar a waya, ya zo ya rubuta shafi biyu, ranar Juma'a ya karanta wa tsohon. Tsoho zai ce a'a, ba haka na ce ba, gyara nan. Sai ga yaro yana sake rubutu a karo na biyu ba tare da malami ya sa shi ba, sake rubutu kuwa shi ne asalin koyon rubutu.

Idan ya kawo miki abin da ya rubuta, ki riƙe hannunki. Ki karanta har ƙarshe tukuna, ki yi masa tambaya a kan abin da ya faɗa, kamar yadda za ki yi wa babba. Bayan nan ki zaɓi kuskure biyu kacal, masu maimaituwa. A Hausa kusan kullum su ne haɗe kalmomi, a rubuta "yace" maimakon "ya ce", "dashi" maimakon "da shi", "zanje" maimakon "zan je", sai kuma watsi da haruffa masu lanƙwasa, har "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". A Turanci kuwa aya da babban baƙi, da lokutan aikatau. In kika jere masa kuskure 30 a shafi ɗaya, ba zai gyara ko ɗaya ba, kuma ba zai sake nuna miki ba. Munin rubutun hannu shi ne mafi sauƙin magani: layi 5 kullum, a kwafa a hankali daga littafi mai kyau. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan, da kwafar abin da malam ya rubuta hannu yake faɗawa, ba da wa'azi ba.

Kada ki tayar da hankali a kan "slm", "ykk", "ngd" da "xan xo" da yake rubuta wa abokansa. Kowane zamani da salon samarinsa. Ki dai kafa doka ɗaya: duk saƙon da zai turo miki ko babansa ko wani babba, cikakken rubutu ne, da gaisuwa da aya. In ya turo a gutsure, ki mayar masa da "ban gane ba". Wanda yake neman kuɗin data zai gyara jimlarsa cikin gaggawa. Sai dai ki sa ido kan jingar insha'i, yanzu yara manhajar ƙirƙirarriyar basira suke sa wa ta rubuta musu. Gane wannan ba wuya: ki ɗora yatsa kan kalma mafi girma a ciki ki ce me take nufi.

Yanzu ga 'yar budurwa. Hajiya, ita wannan ba ciwo gare ta ba, jari gare ta. Yarinyar da za ta iya bin labari mai babi 60 ba ta gaji ba ta riga ta mallaki abin da muke wahalar dasa wa wasu. Littattafan soyayyar nan, tun daga na takarda da suka cika kasuwa daga Kano a shekarun 1980 da 1990, sun koya wa matan aure da yawa karatun boko a cikin ɗakunansu, wannan ko masu sukar su ba sa musu. Amma damuwarki tana da tushe. Na takarda ana ganin bangonsa, na waya kuwa da ake turawa a zaurukan WhatsApp da Wattpad babu mai tacewa, akwai masu tsabta, akwai kuma batsa tsagwaronta da ba ta dace da babba ba balle 'yar shekara 13. Tunda wayarki ce, ki karanta abin da take karantawa. Ki fita daga zauren da kika ga ɓarna, ki gaya mata dalili ba tare da zagi ba, ki bar mata masu kyau. In kika ƙwace duka, wayar ƙawarta tana nan, kuma can ba ki da ido.

Sannan ki ja ta hira a kansu, lokacin tsifar kai ko gyaran kayan miya. Me ya sa jarumar ta yi haka? Ke da ke ce fa? Ina marubuciyar ta yi ƙarya, wane gida ne a Kaduna ake rayuwa haka? Wannan shi ne auna fahimta, sai dai babu maki. Yawancin littattafan waya rubutunsu ba ya bin ƙa'ida, to ki mayar da aibin darasi, ta kwafo shafi ɗaya a takarda ta raba kalmomin da aka haɗe, ta sa aya inda babu. Daga nan ki ce ta sauya wa labarin ƙarshe, ko ta rubuta nata. Ki saya mata littafin rubutu mai bango mai kauri, nata ita kaɗai, kuma ki yi alƙawarin ba za ki buɗe ba sai ta ba ki, ki kuma cika. Ki sanar da ita cewa a 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, kuma a 2017 aka fara bikin baje kolin littattafai na KABAFEST a garin nan. Rubutu hanya ce da mata irinta suka bi aka san su. Sharaɗin da zan ba ki a kanta ɗaya ne, duk littafin Hausa biyu, a sa na Turanci ɗaya a tsakani, mai sauƙi, mai labari, ko na gwanjo ne daga masu shimfiɗa littattafai a bakin titi.

Akwai kuma rabon babansu, kuma ina roƙon ki nuna masa wannan sakin layin. Alhaji, yaro namiji ba ya yin abin da bai taɓa ganin namiji babba yana yi ba. In ka dawo ka kishingiɗa da waya kana ce masa ya je ya yi karatu, ya ji maganarka, amma abin da ya gani zai ɗauka. A ware minti 20 bayan sallar isha'i, a tara wayoyin gidan a faranti ɗaya, taka a ciki, kowa ya ɗauki abin karantawa, ko jarida ce ko littafin addini. In babu wuta, fitilar caji ɗaya ta isa tabarma guda. Wani daren a karanta a bayyane bi da bi, kai ma ka karɓi layinka, ka yi tuntuɓe a gabansu su ga ba a mutuwa. Minti 20 kullum ya haura sa'a 120 a shekara. Ran Asabar kuma a ɗauke su zuwa ɗakin karatu na jiha, ko Gidan Arewa da ke titin Rabah, inda Sardauna ya zauna, su ga takardu da hotunan da ake ba su labari a darasin tarihi.

Tunda ɗanki yana aji 1, lissafin lokaci yana gefenku, amma ba da yawa ba. A jarrabawar WAEC za a ce ya rubuta insha'i na kalma 450 da Turanci, ga auna fahimta, ga taƙaitawa, kuma in babu kiredit a Turanci ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. A JAMB tambaya 180 ce cikin sa'a 2, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, 60 daga ciki na Turanci ne. Mai karatu da yatsa ko ya san amsa lokaci zai ƙare masa. Ba a fafe gora ranar tafiya, littafin tsofaffin tambayoyi da ake rugawa saye a aji 3 ba ya koya wa kowa saurin karatu. Kada dai ki riƙa tsorata shi da waɗannan alƙaluma, naki ne ke da babansa.

Kuma kada ki haɗa shi da ƙanwarsa, ko da wasa. "Dubi ƙanwarka" ta kashe wa samari da yawa sha'awar littafi, don daga ranar sai su ɗauka karatu harkar mata ce. Ki yi gwajin nan a wannan makon, ki rubuta adadin kalmomin da ya karanta a minti ɗaya a bayan kalanda, ki sake bayan wata uku da shafi makamancinsa. Ki nuna masa lambobin biyu shi kaɗai. In bayan wata ukun lambar ba ta motsa ba duk da ana zaman isha'in, to ki je makarantar da kanki, ki nemi malamin Turancinsa, ki ce a zaunar da yaron a saurari karatunsa a gabanki.